Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Ruwan Yankin Kogin Suwannee: ku daina raba ruwan da babu shi

Zuwa ga Shugaba da Mambobin Majalisar Gudanarwa,
Hukumar Kula da Ruwa ta Yankin Kogin Suwannee,
Live Oak, Jihar Fulorida, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto muku ne a kan maɓuɓɓugan ruwan da ke zuba cikin Kogin Santa Fe, da kuma lasisin jan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke fitowa daga ofishinku. Ni mai nutso ne. Ina cikin mutanen nan da kuke gani a High Springs da Fort White da Luraville da sassafe, goye da silindar iska biyu, sun nufi bakin ruwa. Muna shiga ta bakin maɓuɓɓuga, mu bi ruwan a cikin kogon dutse zuwa wajen da yake fitowa. Buƙatata guda ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu don kada ta ɓace a dogon bayani: ku tsayar da ba da sabon lasisi, ku tsayar da ƙara wa masu tsohon lasisi adadi, a duk faɗin ƙasar da ke shayar da Santa Fe da Ichetucknee, har sai kogunan biyu sun koma kan mafi ƙarancin gudun da aka auna musu.

Wannan ma'auni naku ne. Dokar ruwa ta Fulorida ta 1972, wadda ta kafa hukumarku tare da 'yan'uwanta huɗu, ita ta ce a yanka wa koguna da maɓuɓɓugai iyakar da in gudun ruwa ya yi ƙasa da ita, to an shiga cutarwa. A 2015 aka tabbatar da iyakar ga sashen gangare na Santa Fe da kuma Ichetucknee, kuma lissafin ma'aikatanku ya nuna tun a lokacin an riga an keta ta. A lokacin Santa Fe na da giɓin wajen lita miliyan 41 a kowace rana, Ichetucknee kuma kimanin lita miliyan 7 da rabi. A takardunku an rubuta cewa kogunan suna matakin farfaɗowa. Wato kun amsa da bakinku cewa abin da ake ja ya wuce abin da ƙasa ke iya bayarwa.

Duk da haka, ranar 23 ga Fabrairun 2021 majalisarku ta amince kamfanin Seven Springs ya riƙa jan galan 984,000 a kowace rana, lita miliyan 3.7 ke nan da 'yan kai, daga rijiyoyin da ke daf da maɓuɓɓugar Ginnie Springs a gundumar Gilchrist, yana tura wa masana'antar ɗura ruwan gora da ke kusa, wadda a lokacin take hannun Nestlé. Tsohon lasisin ya ba da dama har galan miliyan 1.152, shi ya sa wasu suka ce ai ragi ma aka yi. Sai dai abin da ake ja a zahiri shekara da shekaru bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan adadi ba. Ragin a kan takarda yake. A cikin ƙasa, izini ne na a ninka jan ruwan kusan sau huɗu.

Na san yadda abin ya gudana. A 2020 ma'aikatanku sun ba da shawarar a ƙi, kamfanin ya kai ƙara, alƙalin da ke sauraron ƙararrakin hukumomi ya ba shi gaskiya a Janairun 2021, ku kuma kuka ga hannunku a ɗaure yake. Ban zo tone-tone ba. Amma akwai abin da har yau yake ci wa mutanen bakin kogin nan tuwo a ƙwarya: abin da aka biya hukuma a kan wannan lasisi dala 115 ne, kuɗin shigar da takarda, sau ɗaya tak. Ruwan kansa ba a biyan ko sisi a kansa. A shekarar ce Nestlé ta sayar da harkar ruwanta ta Arewacin Amurka, aka koma kiran kamfanin BlueTriton, a 2024 kuma ya haɗe da wani ya zama Primo Brands. Sunan da ke ƙofar masana'antar ya sauya sau biyu, famfon bai huta ba.

Zan yi adalci. Masu kare lasisin suna cewa ruwan gora bai taka kara ya karya ba in aka ajiye shi kusa da abin da gonaki da birane ke sha, kuma gaskiya suka faɗa. Injinan ban-ruwa masu zagaya gonakin masara da gyaɗa a gundumomin Suwannee da Gilchrist da Lafayette, da gonakin kankana, da gidajen shanun madara, su ne manyan masu jan ruwa a yankinku. Can gabas kuma, kamfanin ruwa da lantarki na birnin Jacksonville ya samu lasisin shekara 20 a 2011 daga takwararku, hukumar ruwa ta yankin Kogin St. Johns, na fiye da lita miliyan 500 a rana, daga rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗaya da namu. To amma wannan magana ta "nawa ai kaɗan ne" ita ce ainihin ciwon, don duk mai neman lasisi da ita yake zuwa. Manomi ya nuna kamfani, kamfani ya nuna manomi, su biyun su nuna Jacksonville, ita kuma ta ce nisanta ya isa ya wanke ta. Kuna duba takarda ɗaya bayan ɗaya, kowace ita kaɗai ba ta isa ta kashe maɓuɓɓuga ba, sai a sa hannu.

A garin da na taso a arewacin Najeriya, kusan kowane gida da rijiyarsa. Da aka fara yayin burtsatse, mai hali ɗaya ya haƙa, ba abin da ya faru. Na biyu ya haƙa, na uku ya bi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce tankinsa nawa yake da zai ƙafar da unguwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma yau da bazara guga da laka yake dawowa, matan gidajen da ba su da halin haƙa burtsatse su ne ke tsaye a ƙofa suna jiran ɗan garuwa. Ba a sami wanda za a kama da laifi ba, don babu wanda ya tara lissafin wuri ɗaya. Ku kuwa an kafa ku ne musamman don ku tara wannan lissafi.

Fulorida ta riga ta ga ƙarshen irin wannan tafiya. Kissengen Spring da ke gundumar Polk, kusa da Bartow, tana fitar da wajen lita miliyan 75 a rana, mutane na zuwa wanka da shaƙatawa. Aka yi ta jan ruwa a kewayenta, galibi don haƙar ma'adinin fosfet, har ta daina gudu a 1950. Ba ta ƙara komawa yadda take ba. Ba sai kun je Polk ba ma. A garin White Springs da ke cikin yankinku, ginin da aka kewaye maɓuɓɓugar da shi a farkon ƙarnin da ya wuce yana nan tsaye a bakin Suwannee, garin ya yi otal-otal saboda masu zuwa wanka neman lafiya, amma ruwan ya daɗe da daina fitowa kamar da. Binciken masana ya nuna cewa jan ruwan da ake yi a arewa maso gabashin jihar ya ture iyakar ruwan ƙarƙashin ƙasa zuwa yamma, ruwan saman da a da yake gangarowa Suwannee yanzu wani sashensa gabas yake nufa. Maɓuɓɓugar Hornsby da ke nan High Springs, wadda a da ake lissafa ta cikin manya, ta sha tsayawa cik a lokutan fari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ake gani a ƙasa, domin akwai abin da jadawalin ofis ba ya nunawa.

Tafkin Ginnie ɗan ƙarami ne, farin yashi a gindinsa, ruwan garau har ka ga abokin nutsonka kamar ba a cikin ruwa yake ba. Ɗuminsa digiri 22 ne rani da damina, dare da rana. A gefe ɗaya akwai baki a jikin dutse. Ka sunkuya ka shige, sai ga ka a wani ɗaki mai faɗi da ya gangara zuwa zurfin wajen mita 15. A ƙarshensa an gitta ƙarafa a bakin ramin da ruwan ke fitowa, don kada marasa horo su kutsa ciki su halaka. Kusan kowane sabon mai nutso sai ya je ya riƙe ƙarafan nan da hannu biyu. Ruwan na bugun ƙirjinka, yana neman fizge gilashin fuskarka, ƙafafunka na kaɗawa a baya, kumfar numfashinka ba ta tashi sama sai ta yi baya tukuna. Abin da ke bugunka ruwan sama ne da ya faɗi a gonaki da dazuzzuka da titunan gundumomi da dama, ya tsiyaye cikin yashi, ya shiga dutsen farar ƙasa mai ramuka wanda ake kira rumbun Floridan. Wani ya yi kwanaki a hanya, wani shekaru gommai. Nauyin wanda ke tudu ne ke turo wanda ke gangare.

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. Rumbun nan babba ne ƙwarai, ya shimfiɗu ƙarƙashin Fulorida duka har cikin Jojiya da Alabama da Karolina ta Kudu, shi ya sa in aka yi maganar ƙarancin ruwa wasu ke cewa ai ba mai iya ƙarar da shi. Ba sai an ƙarar da shi ba. Maɓuɓɓuga wuri ne da rumbun ya cika ya tumbatsa, saman ruwan kawai take samu. In matakin ruwa ya sauka da abin da bai kai tsawon mutum ba, rijiyar manomi mai zurfi ba za ta ji komai ba, famfon kamfani ba zai ji ba, amma maɓuɓɓuga za ta raunana. Ita ce ta farko da ke biyan kuɗin kowane lasisi, kuma ba ta da wakili a teburinku.

Tafiya kaɗan daga Ginnie akwai Devil's Eye da Devil's Ear, ƙofofi biyu na kogo guda wanda aka auna fiye da kilomita 9 na hanyoyinsa. Ta biyun tsaga ce a gindin kogi, daidai inda ruwan maɓuɓɓuga ke karo da na Santa Fe, wanda ganyayen fadama suka rina ya yi ja mai duhu. In ka fito daga nutso mai nisa dole ka tsaya a zurfin mita 6 na wani lokaci, jikinka ya fitar da iskar da ya tara, in ba haka ba ciwon da ke biyo baya yana iya shanye mutum. A wannan tsayuwa ba abin yi sai kallon sama, kuma abin da ke samanka ruwa biyu ne suna kokawa. Ranar da maɓuɓɓuga ke da ƙarfi, tana ture ruwan nan mai launin ja ya koma tsakiyar kogi, rana ta sauko maka har inda kake. Ranar da ta yi rauni, shi ke rufe ta, ka koma dogaro da fitila da tsakar rana. A cikin kogon ma akwai rassan da ruwan kogi ke kutsowa, ana gane su da launi da sauyin sanyi a fata. In kogi ya yi ambaliya, wasu maɓuɓɓugan juyawa suke yi gaba ɗaya, su koma shan ruwan kogi maimakon ba shi. Wannan daɗaɗɗen abu ne, haka Allah ya tsara wurin. Amma duk abin da aka rage daga matsin ƙasa yana sauƙaƙa wa kogi ya yi rinjaye, ya daɗe yana rinjaye, kuma ruwan da ya shiga kogon nan shi ne wanda rijiyoyin gidajen mutane ke zuƙowa.

Akwai masu rai a can ciki. A inda haske bai taɓa kaiwa ba za ka haska jikin dutse ka ga wani ɗan farin jatan lande, ba shi da ido, yana tafe a hankali yana lalube da gashin bakinsa. Irinsa ba ya rayuwa sai a kogwannin ruwan wannan yanki. A waje kuma, da hunturu ayu na barin ruwan teku da ya yi sanyi ya hauro Suwannee ya fake a ɗumin maɓuɓɓugai irin su Manatee da Fanning. In gudun ya ragu, wurin fakewar ya tsuke.

Sai gansakuka. Dattawan da suka fara nutso a nan tun shekarun 1970 suna da hotuna, ku nemi su nuna muku. Inda a da doguwar ciyawar ruwa ke kwance kore shar tana bin gudu, kififfiya na kiwo a cikinta, yau a wurare da yawa wata baƙar gansakuka ce mai zare-zare ta lulluɓe komai, ka taɓa ta ta tashi ta turnuƙe ruwan. Ruwa ba ya tsami banza. Jiha ta yanka cewa sinadarin naitiret a bakin maɓuɓɓuga kada ya wuce miligiram 0.35 a kowace lita, amma da dokar kare maɓuɓɓugai ta 2016 ta ware guda 30 a matsayin fitattu, har da Devil's Ear da Ichetucknee, an tarar 24 daga ciki sun gurɓata da shi. Daga takin zamani yake zuwa, da kashin dabbobi, da ramukan bahaya na gidaje. Na san gurɓata aikin Ma'aikatar Kare Muhalli ce ta jiha, ku yawan ruwa aka ba ku. A ofis ne aka raba su, a cikin ruwa abu ɗaya ne. Gudu mai ƙarfi yana wanke gansakuka daga jikin ganye, mai rauni yana barin ta ta zauna. Sannan rijiyar ban-ruwan da kuka ba lasisi ita ce ke mayar da dajin itatuwan katako gonar da ake zuba wa taki shekara-shekara, a kan yashin da ba ya riƙe komai. Duk lasisin noma da kuka sa wa hannu a bisa wannan ƙasa, kun sa hannu a kan takin da zai biyo shi.

Mu masu nutso ba 'yan kallo ba ne a wannan magana, kuma ina so ku san dalilin da ya sa muke ganin muna da bakin magana. Yawancin abin da aka sani game da hanyoyin ruwan nan, da jiki aka je aka gano shi, mutum na jan zare yana auna tsawo da zurfi da kusurwa a cikin duhu. Marigayi Wes Skiles na High Springs, wanda ya rasu a 2010 kuma aka sa wa gandun Peacock Springs sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗauko hoton abin da ke ƙasa yana kai wa masu mulki. An taɓa bin masu nutso daga sama da na'urar rediyo yayin da suke tafe a wani kogo a gundumar Alachua, masu bin su suka ratsa tituna da wuraren kasuwanci har cikin wani gidan cin abinci, ruwan shan mutane na gudu a ƙarƙashin ƙafafunsu. An zuba rini marar cutarwa a ramin Rose Sink da ke kudu da Lake City, cikin 'yan kwanaki ya ɓullo a maɓuɓɓugan Ichetucknee, tafiyar wajen kilomita 10. A Wakulla, can yamma da yankinku, masu nutso biyu sun shiga ta Turner Sink a Disambar 2007 suka fito a bakin maɓuɓɓugar, kusan kilomita 11 a zurfin da ya kai mita 90. Taswirar irin waɗannan mutane da gwajin rini su suka tabbatar cewa ruwan dattin da birnin Tallahassee ke fesawa a gona yana isa Wakulla. Birnin ya kashe fiye da dala miliyan 200 ya gyara matatarsa, naitiret ya sauka. Da aka ji maganar masu nutso, an ga amfani.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje ke nunawa shi ne ruwa a nan ba ya tsiyaya daidai wa daida ta ko'ina. Yana da manyan hanyoyi, wasu mota za ta iya wucewa ta cikinsu. Tsarin lissafin kwamfuta da ake dogaro da shi wajen auna illar lasisi yakan ɗauki dutsen kamar abu guda ne mai tsiyaya iri ɗaya, don haka rijiyar da aka haƙa a kan babbar hanyar ruwa da wadda ke nesa da ita suna iya fitowa kusan daidai a lissafi. Ku sa a ɗora taswirar kogwanni a kan kowace takardar neman lasisi kafin ta iso gabanku. Taswirorin suna nan, masu su ba za su hana ku ba. Ƙungiyar Global Underwater Explorers da ke da hedikwata a High Springs tana da shirin da masu nutso ke komawa wuri guda a kai a kai suna ɗaukar hoto da ma'auni, Cibiyar Maɓuɓɓugan Fulorida mai sunan Howard T. Odum ita ma a garin take, tana tara bayanai da taimakon 'yan sa-kai. Gani ya kori ji.

A garinku na Live Oak marigayi Sheck Exley ya koyar da lissafi a makarantar sakandare. A shekarun da matasa ke ta mutuwa a kogwannin nan, shi ne ya zauna ya bi haɗurran ɗaya bayan ɗaya, a 1979 ya fitar da ƙa'idojin da har yau muke rayuwa a kansu: zare daga bakin kogo har inda ka tsaya, fitila uku, iyakar zurfi, da rabon iska kashi uku. Kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, na ukun ajiya ce ta ranar matsala, taka ko ta abokin tafiyarka. Da allurar ma'auni ta nuna ka cinye kason shiga, sai ka juya, ko da kuwa abin da ka zo nema yana gabanka kana hangensa. Kowa a tawaga yana da ikon ɗaga babban yatsa ya ce a koma, ba mai tambayarsa dalili. Mun koyi wannan da gawarwakin 'yan'uwanmu. Shi ya sa yake mana wuyar fahimta a ce hukumar da ke riƙe da ruwan jama'a tana rabawa har ƙarshen abin da lissafi ya nuna, ba ajiyar shekarar fari, bayan allurarta ta nuna lokacin juyawa tun 2015.

Za a ce muku akwai ayyukan yi a masana'antar ruwan gora, kuma akwai. Ba na raina aikin da mutum ke ciyar da iyalinsa da shi. Amma ku zaga High Springs ku ga shagunan kayan nutso, da masu cika silinda, da masu koyarwa, da masu ba da hayar kwalekwale, da ƙananan masaukai da gidajen abinci. Mutane na tasowa daga Jamus da Japan da Burazil don su koyi nutson kogo a nan, saboda wuraren da suka kai wannan a duniya ba su da yawa. Da zafi iyalai na cika Ichetucknee da maɓuɓɓugar Gilchrist Blue, wadda jiha ta saya ta mayar gandun jama'a a 2017. Wannan arziki ba ya rage ruwan da lita ɗaya, kuma zai ci gaba muddin ruwan na gudu garau. Ranar da ya zama kore, duk waɗannan za su watse, kamar yadda otal-otal na White Springs suka watse.

Doka ta ba ku sharuɗɗa uku kafin ku ba da lasisi: amfanin ya zama mai ma'ana kuma ba almubazzaranci, kada ya cutar da masu amfani da ruwan tun da, kuma ya dace da maslahar jama'a. Na ukun nan shi ne makaminku, kuma shi ne aka fi bari a kube. A Fulorida ruwan ƙasa ba mallakar mai fili ba ne, dukiyar jama'a ce da aka ba ku amana. Mu ma haka aka koya mana tun muna yara, cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. In ƙa'idojinku na yanzu ba su bayyana maslahar jama'a yadda za ta tsaya a gaban alƙali ba, to ku gyara su tun kafin ƙara ta gaba, ku rubuta ƙarara cewa kogin da ke matakin farfaɗowa ba a ƙara masa nauyi. In kuma gyaran ya fi ƙarfinku, sai majalisar dokoki a Tallahassee, ku faɗa a fili, da sunan hukuma, ku nemi a gyara. Haka batun dala 115. Ba ku ke yanka haraji ba, amma ba abin da ya hana ku gaya wa 'yan majalisa cewa wanda ke ɗibar ruwan jama'a ya sayar ya kamata ya biya a kan kowace lita, kuɗin ya koma sayen filayen da ke shayar da maɓuɓɓugai.

Manoma ba abokan gabarmu ba ne, da yawansu a maɓuɓɓugan nan suka koyi iyo. Abin da ake buƙata shi ne kowace babbar rijiya ta zama tana da ma'auni, a buga adadin da ta ja a fili kowa ya gani, a daina aiki da ƙiyasi. Wanda ya yarda ya rage, ko ya mayar da gonar da ke kan hanyar ruwa kiwo ko daji, a taimaka masa da kuɗi na gaske. Lasisin da aka ba mutum adadi mai yawa amma shekaru bai taɓa jan rabinsa ba, in ya zo sabuntawa a yanke shi zuwa abin da yake ja, ragowar ta koma wa kogi, kada ta zama hajar da za a sayar wa wani. Da an bi wannan a Ginnie, da ba a kai ga rigimar 2021 ba. Batun Jacksonville kuwa, kun riga kun zauna da hukumar St. Johns kun amince da tsarin ruwa na haɗin gwiwa a 2017. Ku koma teburin nan da ƙarfin gwiwa, ku nemi a rage abin da ake ja daga gabas, domin mutanen gundumomin Hamilton da Columbia da Suwannee ne ke ɗauke da asarar.

Ina kuma roƙon ku fito daga Live Oak ku yi zama ɗaya a bakin ruwa. Ba sai kun shiga kogo ba. Gilashin fuska kawai ya isa, ku kwanta a saman tafkin Ginnie ko Gilchrist Blue ku leƙa ƙasa, masu koyar da nutso a yankin za su raka ku da murna, dattawanmu kuma su zo da tsofaffin hotuna ku gwada da abin da ke gabanku. Duk ranar da lasisin Ginnie ko wani irinsa ya dawo teburinku, za mu zo da taswirorinmu da ma'aunanmu. Ku sa zaman a lokacin da masu aikin yini za su iya halarta, ku ba mu lokacin da ya fi 'yan mintunan da ake ba kowa, kuma ku sa abin da muka kawo cikin takardun da za ku yanke hukunci a kansu.

Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Naku da girmamawa,
Wani mai nutson kogo, mazaunin gundumar Alachua.